Oga Tasi'u da Mukullin da Ya Kasa Ajiyewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Oga Tasi'u ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a shago ina warware wa wata mata atamfa. Sagir ne ya kira, wanda muka yi aikin banki tare a nan Gaya. Ina ɗauka ya ce, "Anti Rukayya, ki nemi wuri ki zauna." Na ce ba zan zauna ba, ya faɗa min kawai. Ya faɗa.

Har yanzu ban dawo daidai ba. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi min uzuri.

Sagir ya ce yau Oga bai fito aiki ba, mutumin da kullum yake riga mai shara zuwa. Jama'a sun taru a bakin get, ɗakin kuɗi a kulle, mukulli ɗaya yana hannunsa. Aka yi ta kiran wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Sai manaja ya tura Sagir da mai gadi ɗakin da yake haya. Suka yi sallama, shiru. Suka buga, shiru. Suka ɓalle ƙofar.

Yana zaune a bakin katifa ya jingina da bango. Ya yi wanka, ya sa kayan aiki. Likita ya ce zuciya ce.

Sagir yana kuka yana ce min, "Anti, wallahi mukulli aka aike mu mu karɓo. Ba duba shi aka ce mu je mu yi ba."

Ba zan ambaci sunan bankin ba, kuma don Allah kada kowa ya ambata min shi a ƙasan rubutun nan. Ba wannan ne ya sa nake rubutu ba. So nake ku san wane ne Oga Tasi'u, da abin da ya ɗauka a ransa shi kaɗai.

Mutumin Toranke ne, can ƙasar Ajingi. Ɗan manoma. Shi ne shugaban duk masu aikin cikin banki, mu 'yan kanta, masu karɓar kuɗi da biya, a ƙarƙashinsa muke. Na same shi a wurin lokacin da na gama bautar ƙasa aka ɗauke ni aikin kwantiragi, ban san komai ba sai tsoro.

A makona na farko netwok ya ɗauke tun safe. Wani Alhaji ya tsaya a gabana ya zage ni tas, har da iyayena, a gaban jama'a. Na rasa inda zan sa fuskata. Oga Tasi'u ya fito daga ofishinsa ya tsaya a gefena, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, yarinyar nan ba ita ta ɗauke netwok ba. In zagi ne, ga ni, ni ne babbanta. Zo ciki ka zauna ka zage ni a cikin fanka."

Har Alhajin sai da ya yi dariya.

Haka yake. In layi ya yi tsawo la'asar tana neman wucewa, sai ka ga ya zo ya tsaya a bayanka ya ce, "Tashi ka je ka yi salla, zan riƙe maka." Da azumi akwai dabino a durowarsa saboda sau da yawa a bakin aiki magariba take riskar mu. In ya je gida ya dawo, sai ya zo mana da ƙuli-ƙulin da mahaifiyarsa take yi, a ƙulle a leda, kowa da nasa har masu gadi.

Ni "ƙanwata" yake ce min. Ban taɓa jin ya kira sunana gatsau ba sai in abu ya yi tsanani.

Duk wanda ya yi aikin banki ya san hirar da ake yi in an rufe ƙofa an rage mu-ya-mu. Hirar barin aikin ce. Sagir kullum zancensa shekaru suna ta wucewa yana kwantiragi, aiki iri ɗaya da na kowa, albashi ba iri ɗaya ba. Masu fita neman kwastoma kukansu taget, wato adadin kuɗin da ake yanka musu su kawo, ana ɗora musu abin da ko a Kano sai an sha wuya, a garin da yawancin mutane manoma ne. Akwai wadda yaranta suka fi sabawa da 'yar aiki a kanta. Akwai wanda mahaifinsa ya daina cin abincin gidansa saboda maganar kuɗin ruwa. Kowa da abin da yake cin sa.

Oga yakan saurare mu yana murmushi. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni ai tawa mai sauƙi ce. Toranke zan koma, in noma riɗi, in ɗaure raguna. Bari dai a yi kaka."

Kaka ta zo ta wuce, ya ce bari a yi bikin ƙanwarsa. Aka yi biki, ya ce bari ƙaninsa ya gama makaranta. Muna yi masa dariya, shi ma yana yi.

Lokacin abin dariya ne.

Da aka tabbatar da ni a aiki aka ba ni shugabancin 'yan kanta, sai aka damƙa min mukulli na biyu. Ga waɗanda ba su sani ba, ƙofar ɗakin kuɗi mukulli biyu gare ta, a hannun mutum biyu, ba ta buɗuwa sai duka biyun suna tsaye a wurin. Ɗaya yana wurin Oga, ɗaya yana wurina. Na yi murna sosai, har walima mahaifiyata ta so yi.

Oga bai taya ni murna ba. Ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, daga yau ba ki da tafiya, ba ki da rashin lafiya. Allah Ya taya ki riƙo."

Gaskiya ya faɗa. Ba ka yin tafiya mai nisa sai hedikwata ta yarda an miƙa wa wani a rubuce, kuma kafin su amsa abin da za ka je yi ya wuce. Ranar sunan ɗansa na biyu sai da ya zo muka buɗe ƙofa tukuna. Kafin ya koma gida an riga an raɗa suna an watse.

Duk wannan mun jure. Abin da ya biyo baya ne ya karya mu.

Wata safiya ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Ya ce jiya da yamma wani ya kira shi da ɓoyayyiyar lamba. Namiji, Hausa ce tsantsa irin tamu, muryarsa a kwance kamar mai gaisuwa. Ya ce masa, "Tasi'u, mun san kai ne mai mukulli. Ba ma son cutar da kai. Ranar da motar kuɗi za ta zo kawai za ka faɗa mana."

Na ce, "Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce ya ji tsoron Allah, na kashe."

A ranar ya sanar da manaja, aka sanar da 'yan sanda. Suka ɗauki bayani, suka ce za su bincika, ya riƙa kula da kansa. Daga hedikwata aka ce a rufe maganar kada jama'a su ji su firgita.

Kiran bai tsaya ba. Ba kullum ba, sai ka fara mantawa sai ya shigo. Wata rana a ce masa, "Mun ga ka canza hanya yau, ka bi ta bayan kasuwa." Wata rana a ce, "Sabon mashin ɗin ya yi kyau." Wani lokacin ma ba a magana, numfashi kawai.

Sai ranar da ba zan manta ba har in mutu.

Damina ce, hadari ya haɗu bayan la'asar. Motar kuɗi ta iso daga Kano da 'yan sanda. Ƙa'ida ce in ta shigo a kulle get, ba shiga ba fita sai an gama an sa hannu ta tafi. Muna tsaye ni da Oga a ƙofar ɗakin kuɗi, kowa da mukullinsa a hannu, sai wayarsa ta yi ƙara.

Na ga fuskarsa tun kafin ya ɗauka.

Ya kara a kunne, ya saurara. Ya sauke. Ya ce, "Rukayya." Da na ji sunana na san ba lafiya.

"Mai kiran nan ne. Cewa ya yi, Walida ta yi kyau yau da hijabinta ruwan hoda."

Walida ita ce babbar 'yarsa, lokacin ba ta gama firamare ba. Ya kira matarsa, Maman Walida. Ina jin muryarta ta cikin wayar. Ta ce Walida tana Islamiyya, ya kamata a ce sun taso, ba ta dai shigo ba tukuna.

Ya ce, "Wane hijabi ta sa?"

Ta ce, "Ruwan hodar nan. Lafiya?"

Ya juya zai nufi get. Manaja ya sha gabansa ya riƙe masa hannu. Ba da faɗa ba, wallahi shi ma a tsorace yake. Ya ce, "Tasi'u, tsaya ka ji. Motar nan tana ciki, 'yan sanda suna kallo. In ka fita yanzu wani abu ya faru, kai za a fara kamawa. Wataƙila ma abin da suke so ke nan, a buɗe get."

Oga ya ce, "'Yata ce fa."

Manaja ya ce, "Na sani. Wallahi na sani."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na kira maigidana, malamin makaranta ne, Allah Ya sa ya dawo gida. Na ce ya bar duk abin da yake yi ya hau mashin ya tafi Islamiyyar su Walida yanzu-yanzu. Bai tsaya tambaya ba.

Mu kuwa dole a buɗe ƙofa. Na sa nawa mukullin na murɗa. Oga ya kai nasa, ya kasa samun ramin. Ya sake kaiwa, ya goce. Sai da na riƙe masa tsintsiyar hannu sannan ya shiga. Ɗan sandan da ke tsaye a bayanmu da bindiga ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Oga ya ce zazzaɓi ne.

Aka shiga aiki. Wayata tana cikin aljihun rigata, ina jin ta a jikina kamar garwashi.

Maigidana ya kira. Ya ce an tashi yara tun kafin ruwa, makarantar ba kowa sai mai gadi. Ya je gidan Oga, ba ta iso ba. Maman Walida ta fito cikin ruwa ko takalmi babu tana bin layi tana kiran sunanta.

Oga yana kallon bakina. Na rasa yadda zan faɗa masa. Na ce, "Ana dubawa." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da yake yi, leɓensa yana motsi. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa alhali ɗakin da sanyi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san ban taɓa roƙon Allah irin na ranar ba.

Wayar ta sake motsi. Na ɗauka. Maigidana ya ce, "Ga ta nan. Ga ta a hannuna." A zauren wani gida ya same ta ita da ƙawayenta, sun fake wa ruwa suna wasan tafa hannu. Ba abin da ya same ta, ba ta ma san ana neman ta ba.

Na ce, "Oga, an gan ta. Lafiyarta ƙalau."

Ya ce alhamdulillahi, a hankali. Ya fita zuwa banɗaki, muna jin yana amai. Ya wanke fuska ya dawo ya ƙarasa aikin ya sa hannu. Motar ta tafi.

A makon ya kwashe iyalinsa ya kai su Toranke gidan mahaifinsa. Ya cire Walida daga makarantar da take so. Ya saki gidan da suke haya, ya kama ɗaki ɗaya kusa da banki. Ɗakin da aka ɓalle ƙofarsa yau.

Ya nemi a canza masa wurin aiki. Aka ce ana dubawa.

Daga nan Oga Tasi'un da muka sani ya fara ɓacewa. Abin da ya fi cin sa ba barazanar ba ce, sanin cewa mai kiran ya san mu ne. Ya san hanyarmu, ya san 'ya'yanmu. To wane ne? Maƙwabci? Kwastoman da muke gaisawa kullum? Wani a cikinmu?

Ya daina zama a majalisa. Ya daina shan shayi a inda ya saba. In ya shiga masallaci sai ya nemi jikin bango. Mutumin da yake da fara'a da kowa ya koma kallon mutane ta gefen ido. Wata rana na ji ya kira Sagir ya ce, "Ka yafe min, na yi kwanaki ina zarginka a zuciyata, kuma ba ka yi min komai ba." Sagir ya fito yana share hawaye.

Sai abin ya zo kaina.

Ina da ƙaramin ciki a lokacin, ban faɗa wa kowa ba daga maigidana sai mahaifiyata. Ina hanyar gida a adaidaita sahu wayata ta yi ƙara, ba lamba. Na ɗauka. Murya a kwance ta ce, "Malama Rukayya, ya jikin? Mun ji ana laulayi. Allah Ya raba lafiya."

Ban san lokacin da wayar ta faɗi daga hannuna ba.

Da safe na shiga ofishin Oga na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Rukayya, ki ajiye aikin nan."

Na ce, "Oga, ka san wahalar da na sha kafin a tabbatar da ni. Mahaifiyata da ƙannena ni suke kallo."

Ya ce, "Na sani. Ki ajiye."

Na ce, "To kai fa? Mu ajiye tare mana."

Ya girgiza kai. Ya ce in masu mukulli biyu suka tafi lokaci ɗaya bayan irin wannan kira, cewa za a yi akwai abin da suka sani. Ya ce iyayensa sun tsufa, ga marayun yayansa a hannunsa, gonarsu ba za ta ɗauke su duka ba tukuna. Sannan ya ce, "Kuma in na tafi yau, Sagir za a miƙa wa. Yaron da bai daɗe da aure ba. Ke dai ki fara fita, ni ina bayanki."

Shi ya je har gida ya yi magana da maigidana. Shi ya tsaya a kan manaja har aka sallame ni ba tare da an ja min rai ba. Shi ya haɗa ni da wani abokinsa mai sayar da atamfa a Kano, ya ce masa, "Ƙanwata ce, ka riƙe ta kamar ni." Shagon da nake tsaye a ciki yau da safe, sanadinsa ne.

Ranar da na miƙa mukullina ga wanda aka turo ya maye gurbina na fito, na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Na waiwaya na gan shi a tsaye a bakin ƙofa yana ɗaga min hannu.

Bayan wasu watanni kiran ya tsaya da kansa. Ba a kama kowa ba. Ba a taɓa kawo wa bankin hari ba. Har yau ba mu san ko da gaske suke ba, ko wani ne kawai yake wasa da rayukan mutane. Manaja ya samu canji ya tafi, aka kawo wani. Maganar ta mutu a wurin kowa.

Ban da wurin Oga. Bai dawo da iyalinsa ba. Ya ce zuciyarsa ba ta ba shi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce, bayan an fara yankan gero. Ranar Asabar da hantsi, na fito da ɗana a goye zan je garin Balan gaida wata gwaggona. Na hango shi a tsaye ya ba bango baya, da leda biyu a hannu, yana jiran mai mashin ɗin da yake kai shi Toranke, don ya daina hawa nasa. Na daɗe ban gan shi ba. Ya rame, furfura ta fito masa, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Ƙanwata! 'Yan kasuwa manya."

Na kwance goyon ya karɓi yaron, ya yi masa addu'a ya tofa masa a ka. Ya nuna min abin da ke cikin ledar, burodi da lemo, da takalmin makaranta na Walida. Ya ce ƙafarta ta yi girma, a waya ta faɗa masa lambar.

Na ce, "Oga, ba ka da lafiya."

Ya ce hawan jini ne, yana shan magani. Barci ne dai ba ya samu. Ya ce, "Kin san abin mamaki? An daɗe da daina kiran nan, amma jikina bai sani ba. Waya tana yin ƙara sai in ji kamar an zuba min ruwan sanyi."

Na ce, "To me kake jira?"

Ya ce wannan karon da gaske ne, ya riga ya faɗa wa manyan banki zai tafi. Sun ce ya dakata a turo wanda zai karɓe shi daga Kano, don ya roƙa kada a ba Sagir. Wanda za a turo ɗin yake jira.

Na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "In da za a nuna maka mai kiran nan yau, me za ka yi masa?"

Ya ci gaba da jijjiga yaron. Ya ce, "Ni na yafe masa. Ba don ya cancanta ba. Ba na son ranar lahira a tsayar da ni da kowa. Na gaji da tsayuwa, Rukayya."

Mai mashin ɗin ya iso. Oga ya miƙo min yaron, ya ɗaga ƙafa zai hau, sai wayarsa ta yi ƙara.

Na ga yadda ya zabura. Ledar lemon ta suɓuce, suka gangara cikin ƙasa. Ya dubi fuskar wayar ya sauke numfashi. Sabon manaja ne. Injin cirar kuɗi ya tsaya, jama'a sun taru, sai an buɗe ɗakin kuɗi.

Ya ce, "To, ranka ya daɗe. Ga ni nan zuwa."

Muka tsince lemon tare. Ya kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin leda, ya ɗaure wa mai mashin ɗin a gaba. Ya ce masa, "Ka kai gida. Ka ce wa Walida in takalmin ya matse ta kada ta sa, zan canzo. Ka ce musu sai wani satin."

Ya juyo ya ce, "Ki gaida Malam." Ya kama hanyar banki da ƙafa.

Shi ke nan. Ban sake ganinsa ba.

Ɗazu na kira Maman Walida. Ta ɗauka, na yi sallama, ta amsa. Ina jin kukan yara a bayanta. Can ta ce, "Rukayya, shi kaɗai fa. Ba kowa a kusa da shi." Ta kashe.

An tafi da shi Toranke, bayan la'asar za a yi jana'iza a ƙofar gidansu. Maigidana ya kama hanya. Ni sai gobe in Allah Ya kai mu.

Na san ajali ne. Ko a gona yake, in lokacin ya yi zai tafi, ban yi jayayya da wannan ba. Amma ina so masu cewa 'yan banki sun ji daɗi, suna cikin sanyi da kaya masu guga, su sani cewa in kuka ji ɗayanmu ya ce yana so ya ajiye aiki, ba ƙoshi ne ya yi masa yawa ba. Ku tambaye shi me ke faruwa kafin ku ce masa ya gode wa Allah. Kuma ku manya da ke can sama, in ma'aikaci ya ce muku yana cikin tsoro, "ana dubawa" ba amsa ba ce.

Saura mutum ɗaya da nake da magana da shi.

Kai mai kira.

Ban san ka ba, amma ka san ni. Ka san shagona, wataƙila matarka ta taɓa sayen zani a wurina. Wataƙila kana cikin masu bin shafin nan, kana karanta wannan yanzu. Wataƙila ma kana hanyar Toranke, za ka tsaya a sahu ka yi masa salla, ka miƙa wa tsohon mahaifinsa hannu ka ce Allah Ya ba da haƙuri.

Ba ka samu ko sisi ba. Ka dai raba mutum da 'ya'yansa, ka hana shi barci har ya koma ga Allah.

Ya ce ya yafe maka. Da kunnena na ji, amana ce, na isar.

Ni ban kai nan ba tukuna. Ka nemi gafarar Ubangijinka tun kana da numfashi.

Ya Allah, ga bawanKa Tasi'u ya zo gare Ka. Ka san tsoron da ya kwana da shi ya tashi da shi, Ka musanya masa da aminci. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi barcin da ya rasa a duniya. Ka sauƙaƙa masa tsayuwa ranar hisabi. Ka raya Walida da ƙannenta cikin kariyarKa, Ka ba mahaifiyarsu da iyayensa juriyar wannan rashi. Waɗanda suke cikin irin halin da ya shiga, suna son fita sun rasa hanya, Ka buɗa musu.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. In za ku yi sallar la'asar yau, ku tuna a daidai lokacin ake shirin kai shi makwancinsa. Ku ambaci sunansa a sujada.

Tasi'u. Sunansa Tasi'u.

Allah Ya jiƙan ka, Yayana.